Ƙashi ya haɗe, barci ya ƙi dawowa

A Zariya ba a barin majinyaci shi kaɗai, wannan kam a yaba mana. Lokacin da ƙanina ya yi hatsari a hanyar Kano, kafin a kwana biyu mun rasa inda za mu ajiye kulolin abinci. 'Yan uwa daga cikin birni, abokan sana'arsa na unguwar PZ inda yake sayar da caja da gilasan waya, har limamin unguwa. Kowa ya ce "ya jiki", a ce "da sauƙi", ya ce "Allah ya sa kaffara ne", ya cusa abin da ya sawwaƙa a ƙarƙashin filo. Cinyarsa ce ta karye, aka yi tiyata aka sa ƙarfe. Inna ta so a kai shi wurin mai ɗori, muka lallashe ta, kuma ƙashin ya haɗe lafiya lau.

Ranar da ya ajiye sanda dubiya ta ƙare. A wurin mutane ya warke. Mu na cikin gida kuwa a lokacin muka fara jinya ta biyu, wadda ba a kawo mata kunu.

Ba ya barci. In ma ya ɗan runtsa, sai ya zabura tsakar dare, riga sharkaf da gumi, yana laluben bango. Wata rana tayar wata tirela ta fashe a bakin titi muna zaune muna cin tuwo, sai ga shi ya kife a tabarma ya rufe kai da hannu biyu, miya ta zube masa a jiki bai ma sani ba. Warin fetur yana tayar masa da zuciya. Mutumin da a da 'ya'yansa ke hawa wuyansa, yanzu cokali ya faɗi sai tsawa. Mota kuwa ko kusa. Daga Tudun Wada zuwa shago gara ya taka da ƙafar da ke da ƙarfe a ciki, ya isa yana ɗingishi, da ya shiga Keke Napep.

Duk sanda ya buɗe baki zai yi maganar ranar, sai wani ya tare shi: "Kai dai ka gode wa Allah, wasu a wurin suka cika." Gaskiya ce, kuma ya fi kowa sani, don wanda ke zaune kusa da shi yana cikin waɗanda suka cika. Amma na lura wannan kalma, duk kyawunta, mun mai da ita abin rufe bakin mai ciwo. Ana iya gode wa Allah ana kuma jin tsoro. Annabi Yaƙub ma ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu.

Sai da aka yi watanni sannan ya faɗa min abin da ke cinsa. Ina wanke-wanke ya zo ya tsuguna gefena, ya ce, "Yaya, kin san kujerata ce ya zauna?" Ashe a tasha mutumin ya roƙe shi su yi musanya, wai yana son gefen taga saboda mota tana sa shi jiri. Ya matsa masa. Dattijon har ya gutsuro masa goro. Ta gefen tagar nan motar ta daku. Tun daga ranar yake lissafi shi kaɗai: da bai yarda ba, da mutumin yana raye, da shi ne a kabari. Ban ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba, ya ji wannan sau ba adadi. Na bar shi ya yi ta magana har ruwan wanke-wanken ya huce.

Inna ta ce iska ce ta shafe shi a wurin hatsarin. Aka yi ruƙiyya, aka yi tofi, aka sha rubutu, kuma ban hana ba, don yana samun natsuwa in ana karatu. Wani abokinsa ya karɓo masa ƙwayar barci a kemis, ga kuma tramadol da ya ci gaba da sha bayan ciwon ƙafar ya lafa. Wannan ne ya tayar min da hankali.

Kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa shi ne babban yaƙi. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, amma da ka ambaci Barnawa sai a ce ka mai da mutum mahaukaci. Ban ga laifin mutane sosai ba. Ƙasar ma kanta da dokar 1958 ta yi ta aiki, wadda ta fi damuwa da tsare mai ciwon, har sai a Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce likitan ƙashin da kansa ya rubuta masa takarda, sai ya zama kamar ci gaban jinyar ƙafa ne.

Bayanin likitan bai da wuya. Firgita da mugun mafarki a makonnin farko bayan hatsari abu ne da ake sa rai, kuma yawancin mutane suna wartsakewa da kansu. In abin ya wuce wata ɗaya, mutum yana ganin hatsarin yana dawo masa, yana gudun duk abin da zai tuna masa, kullum a razane, har ya hana shi neman abinci, to ya zama ciwon da suke kira PTSD, kuma yana da magani. Ya ce ƙwayoyin barci irin su diazepam ba sa warkar da shi, sai dai jiki ya saba da su, don haka aka janye masa su a hankali. Maganin na ainihi zama ne da magana, da kuma komawa ga abin da ake tsoro kaɗan-kaɗan. Da farko zama kawai yake yi a cikin motar maƙwabcinmu tana ajiye, ƙofa a buɗe, har bugun zuciyarsa ya sauka. Daga baya Keke zuwa PZ. Daga baya bas zuwa Samaru, da sharaɗin zai sauka a Kwangila in ya ji ba zai iya ba. Ya sha sauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. A wannan lissafi babu matar ƙanina, ita da ba ta cikin motar. Ita ta yi ta kwana a tabarma a barandar asibiti da goyo, ita ta riƙa ɗaukar fo, ita ta sayar da firiza da 'yan kunnen aurenta aka biya kuɗin ƙarfe, ita kuma ke shan tsawar. Har yau in baƙuwar lamba ta kira ta, sai ta miƙo min wayar hannunta na rawa: "Yaya, ɗauka ke." Da baƙuwar lamba aka sanar da ita. Duk masu dubiyar nan, iyakar abin da aka ce mata shi ne "ya mai jiki". Babban ɗansu, ɗan shekara biyar, ya koma fitsarin kwance, kuma wasansa kullum shi ne ya haɗa motocin gwangwani karo, ya kwantar da su ya ce a kawo makara.

Da na faɗa wa likitan wannan, sai ya ce a zo da ita zama na gaba. Inna ta ce ina ruwan matar da likita, ai ba ita ta karye ba. Ni na riƙe yaran ranar suka tafi tare. Yanzu duk Asabar nake ɗauke mata su, ta je gidansu a Ƙofar Doka ta wuni, ta yi barcin rana.

Shi kuwa ya koma shago, yana cin abinci, yawancin darare yana kaiwa asuba. Kano ce dai har yanzu bai taka ba. Sarin kaya sai ya tura kuɗi a sako masa a mota, kuɗin aike yana cinye rabin ribar. Ya ce bayan salla zai gwada zuwa, in zan raka shi, kuma in direban ya yarda ya zauna a baya a tsakiya.