Jarrabawar Turanci ta neman biza: ƙaramin makinka shi ake kallo

Ɗauki mutumin da ya zauna jarrabawar IELTS, wato jarrabawar auna Turanci mai ɓangare huɗu da makinta ke tsayawa a 9, ya samu 8 a sauraro, 7.5 a karatu, 7 a magana, 5.5 a rubutu. Idan aka haɗa aka raba huɗu, jimillarsa 7 ce cif, maki mai kyau da kowa zai taya shi murna a kai. Amma idan bizar da yake nema ta ce sai 6 a kowane ɓangare, takardar ba ta yi masa amfanin komai ba. Wannan 5.5 ɗin ita ce makinsa a idon hukumar shige da fice. Jami'o'i sukan kalli jimilla tare da ƙaramin iyaka, amma hukumomin biza galibi ɓangare-ɓangare suke dubawa, kuma ba sa yafe rabin maki. Don haka duk shirin da za ka yi, ka gina shi a kan ɓangaren da ka fi rauni, ba wanda ka fi jin daɗinsa ba.

Kafin ka buɗe littafi ma, tabbatar da wace jarrabawa ake nema. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta tun ba a shiga ɗakin jarrabawa ba. IELTS iri biyu ce, Academic da General Training. Sauraro da magana iri ɗaya ne a cikinsu, karatu da rubutu ne suka bambanta. Kanada, a tsarinta na ɗaukar ƙwararrun baƙi mai suna Express Entry, General Training kaɗai take karɓa, ko wasu jarrabawoyin Turanci biyu, CELPIP da PTE Core. Wanda ya kai mata Academic, ko da 9 ya samu, sai ya sake. Ƙaramin matakin da take nema a rukunin ƙwararrun ma'aikata na tarayya shi ne CLB 7 a ma'aunin harshe na Kanada, wato 6 a kowane ɓangare na IELTS. Masu son makinsu na Express Entry ya yi tsalle kuwa CLB 9 suke hari: 8 a sauraro, 7 a sauran ukun. Ostareliya ma ɓangare-ɓangare take lissafi: 6 a ko'ina shi ne tushe, 7 a ko'ina na ƙara maki 10 a lissafin bizar ƙwararru, 8 na ƙara 20.

Birtaniya tata dokar daban. A yawancin hanyoyinta na biza sai jarrabawar da ma'aikatar cikin gida ta amince da ita, wadda aka zauna a cibiyar da ke cikin jerinta. Ita ce ake kira IELTS for UKVI. Tambayoyinta da yadda ake ba da maki ba su da bambanci da IELTS ta yau da kullum, tsaro ne aka tsananta, kuma takardar sakamakon na ɗauke da wata lamba ta musamman da za ka sa a fom ɗin biza. Babu lambar, babu magana. Kamfanonin jarrabawa Pearson da LanguageCert ma suna da nasu irin da aka amince da su, amma jarrabawar TOEFL ba ta cikin jerin. Mai neman bizar ƙwararren ma'aikaci a da matakin B1 na ma'aunin harshe na Turai ake nema daga gare shi, wato 4 a kowane ɓangare na IELTS. Daga 8 ga Janairun 2026 sabon mai nema sai B2, wato 5.5. Wanda zai bi mata ko miji kuma, A1 kawai, wato matakin ƙasa, ake buƙata a neman farko, kuma akwai ƙaramar jarrabawa domin haka mai suna IELTS Life Skills: magana da sauraro ne kaɗai, ba ta kai minti 20 ba, sakamakonta ko ka ci ko ka faɗi. Abin takaici ne ka ga wadda A1 ta ishe ta tana fama da muƙala wata uku don wani ya ce mata duk abu ɗaya ne. Waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka ka karanta shafin gwamnatin ƙasar da idonka a ranar da za ka biya kuɗin rajista.

A IELTS, sauraro kusan minti 30 ne, tambaya 40, kashi huɗu, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Amsa 23 daidai tana kai mutum wajen 6, 30 wajen 7, 35 wajen 8. Kashin farko shi ya fi sauƙi, hira ce irin ta mai neman ɗaki ko mai yin rajista a waya, amma a nan ake zubar da makin banza. Za a jero maka suna harafi-harafi, kuma wanda bai saba da sunayen haruffan Turanci ba sai ya rikita A da E da I, ko G da J. A lambar waya sukan kira sifili "oh", su ce "double" idan lamba ta zo sau biyu a jere. Sai tsohon tarkon fifteen da fifty, wanda bambancinsu yana inda aka danna murya. Akwai kuma dabarar gyara zance: mai magana zai ce taron ranar Talata ne, ka rubuta da sauri, sai ya ce a'a, an ɗage zuwa Laraba. Amsar ita ce ta biyun. Kalma ta ɓaci da harafi ɗaya, maki ya tafi. Aka ce jam'i ka rubuta tilo, ya tafi. Umarni ya ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka sa uku, ya tafi, ko da ma'anar daidai ce. Idan tambaya ta kuɓuce maka, ka sake ta nan take. Mai tsayawa jimamin tambaya ɗaya uku yake asara. Kuma ba a cire maki don kuskure, don haka kada ka bar gurbi fanko.

A karatu agogo ne abokin gaba. Minti 60, tambaya 40, kashi uku, kuma babu ƙarin lokacin kwafe amsa. Wanda ya ce sai ya fahimci kowace kalma a nassi na farko ba zai ga ƙarshen na uku ba. Leƙa tambayoyin tukuna, sannan ka nemi inda amsar take, kana sane cewa ba da kalmomin tambayar aka rubuta ta a nassi ba, da makwafinsu ne. Nau'in da ya fi kayar da mutane shi ne wanda ake ba ka jimla a ce ka faɗa ko gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko ba a faɗa ba. A ce nassi ya ce wani kamfani ya ƙara wa ma'aikatansa albashi bara. Jimlar da ta ce ya rage albashi ƙarya ce, domin nassi ya saɓa mata. Jimlar da ta ce ma'aikatan sun ji daɗin ƙarin kuwa, ba a faɗa ba. Hankali zai ce maka ai dole su ji daɗi, amma ba hankalinka ake tambaya ba, abin da ke kan takarda ake tambaya. Ga wani abu da masu General Training ba sa ankara da shi: nassinsu ya fi sauƙi, amma ma'aunin ya fi tsauri. Amsa 23 da ke ba mai Academic 6, kai wajen 5 za ta ba ka. Sai ka kawo kusan 30 kafin ka ga 6.

Rubutu shi ne inda yawancin mutane ke maƙalewa, har waɗanda Turanci ke zuba a bakinsu kamar ruwa. Aiki biyu ne cikin awa ɗaya. Na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla 250, kuma nauyin na biyu ya ninka na farko. Ke nan minti 20 da minti 40. Mutane da yawa sukan shantake a na farko su cinye rabin awa, sannan su yi wa muƙalar da ta fi maki rubutun gaggawa ba kammalawa. Idan ka san halinka ne haka, fara da na biyun, babu dokar da ta hana.

A Academic, aikin farko bayani ne a kan zanen ƙididdiga, ko jadawali, ko taswira, ko matakan yadda ake sarrafa wani abu. Abin da ake nema shi ne ka fito da babban hoto a jimla ɗaya ko biyu: me ya hau, me ya sauka, wanne ya fi kowanne. Wanda ya bi alkaluma ɗaya bayan ɗaya yana karanto su ba tare da wannan taƙaitawar ba, da wuya ya kai 6 a ma'aunin cika aiki. Ba a kuma son ra'ayinka ko dalilin da kake zaton ya sa abin ya hau. A General Training wasiƙa ce mai buƙatu uku da aka lissafo. Tsallake ɗaya, an rage maka. Harshen ma sai ya dace da wanda ake rubuta wa, na manajan kamfani daban, na aboki daban.

Muƙala kuwa da ma'auni huɗu ake auna ta, kowanne kashi ɗaya bisa huɗu: amsa tambaya, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Na farkon ne ake rainawa. Idan an ce ka tattauna ra'ayi biyu sannan ka faɗi naka, abu uku aka nema. Ka yi biyu, ba ka amsa ba. Idan an tambayi musabbabi da mafita, ka cika shafi da musabbabi ka ba mafita layi biyu, ba ka amsa ba. A ganina sakin layi huɗu sun wadatar: gabatarwa mai nuna matsayinka ƙarara, biyu a tsakiya kowanne da hujja ɗaya da aka buɗe ta da misali, sai kammalawa. Hujja ɗaya da aka bi ta har ƙarshe ta fi biyar da aka ambata aka wuce. Jimlolin hadda da ake rabawa a intanet, masu duba takarda sun gan su sau dubu, kuma ba sa lissafa su a matsayin Turancinka. Haka manyan kalmomin da aka cusa inda ba muhallinsu ba, rage maki suke yi. Ka ware minti biyar na ƙarshe ka farauci kurakuran da ka san naka ne: "a" da "the" da suka ɓace, "s" ɗin aikatau bayan he ko she, jimlar da ta faro a jiya ta ƙare a yau.

Magana ita ce mafi gajarta, minti 11 zuwa 14 kai da mai gwaji, ana naɗar murya. Tana iya faɗowa rana ɗaya da sauran, ko cikin mako guda kafin su ko bayansu. Kashin tsakiya ne ke buƙatar atisaye: za a ba ka kati mai ɗauke da batu, minti ɗaya na shiri da fensir, sannan ka yi magana kai kaɗai har minti biyu. Minti biyu na da tsawo ga wanda bai taɓa gwadawa da agogo ba. Ba a neman ka yi karin harshen mutanen Landan, ana neman a fahimce ka ba wahala. Mai jin Hausa ya kula da p da f, da v da b, da kuma ƙarshen kalma da ake haɗiyewa, domin wanda ya haɗiye "ed" ya yi kuskuren furuci da na nahawu a lokaci guda. Idan mai gwaji ya katse ka, lokaci yake kiyayewa, ba kuskure ka yi ba. Ba kuma gaskiyar labarinka yake aunawa ba, Turancin yake saurare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da cikakkiyar jarrabawar gwaji ɗaya daga tsoffin tambayoyin da Cambridge ke bugawa, a zama ɗaya, da agogo, waya a kashe, awa biyu da minti 40 ko kusa da haka. Abin da ka samu shi ne matsayinka na gaskiya. Idan tazarar da ke tsakaninka da abin da ake nema rabin maki ce, sanin salon jarrabawar na iya cike ta cikin makonni. Idan maki ɗaya da rabi ne, Turancin kansa ne ke buƙatar gini, kuma wannan aikin watanni ne, babu dabarar da ke gajarta shi. Yawan yin gwaji ba tare da bita ba ɓata takarda ne. Bayan kowane gwaji, buɗe littafin kurakurai ka rubuta dalilin kowace faɗuwa: ban ji ba, na ji na ɓata harafi, lokaci ya ƙare, na faɗa tarko. Bayan gwaji huɗu za ka ga dalili ɗaya ko biyu ne ke ta maimaituwa. Sauraro da karatu kana iya yi wa kanka maki. Rubutu da magana ba ka iyawa, sai ka samu wanda ya san ma'aunan ya duba maka, ko da muƙala biyar ce kawai. Idan a kwamfuta za ka zauna, yi atisayenka a kibod da gyaran haruffa a kashe. Kwamfutar jarrabawa tana ƙirga maka kalmomi amma ba ta ja wa kuskure jan layi, kuma a ƙarshen sauraro minti biyu kawai take bayarwa na dubawa.

Ranar jarrabawa fasfon da ka yi rajista da shi za ka kawo, shi ɗin dai, kuma bai ƙare ba. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsa. Agogon hannu ba ya shiga, waya ba ta shiga. Masu tallan takardar sakamako ba tare da zama ba kuwa, ka guje su: hukumomi suna tantance kowace takarda kai tsaye a rumbun masu jarrabawar, kuma a Birtaniya yaudara a neman biza na iya jawo haramcin shekara 10.

Idan sakamako ya fito ɓangare ɗaya ya gaza da rabin maki, hanya uku ce. Kana iya neman a sake duba takardarka cikin mako shida, ka biya, a mayar maka da kuɗin idan maki ya ƙaru. Wannan ya fi ma'ana a rubutu da magana, inda mutum ne ke yanke hukunci. Kana iya sake ɓangaren kaɗai cikin kwana 60 idan a kwamfuta ka zauna, amma ka fara bincika ko inda za ka kai suna karɓa, domin Express Entry na Kanada ba ya karɓa. Ko kuma ka sake duka. A kowane hali ka yi lissafin kwanan wata: Birtaniya da Kanada shekara biyu suke ba sakamakon, kuma dole ya kasance da ransa a ranar da ka miƙa takardar neman bizar, ba ranar da ka fara haɗa takardu ba.