Yadda na gano jirgin da ya nutse da ƙanen kakana a 1942

Abin da muka gada game da ƙanen kakana bai taka kara ya karya ba. Ya yi aikin jirgin ruwa, ya tafi lokacin yaƙin Hitila, bai dawo ba. Wasu a dangi suna cewa Jamusawa ne suka nutsar da jirginsu, wasu suna cewa aure ya yi a Ingila ya manta da gida, kuma zancen auren shi ya fi yawo saboda ya fi daɗin faɗa. Akwai hoto guda ɗaya, yana sanye da farar kwat mai maɓallai har wuya, da tambarin wani mai ɗaukar hoto na Liverpool a bayansa. Iyakar abin da ke hannunmu ke nan.

Kafin in taɓa kwamfuta wajen Gwaggo na fara zuwa, don ita ce babbar da ta rage cikin 'ya'yan kakana. Ban tambaye ta shekara ba, tsofaffi ba da lambar shekara suke riƙe abu ba. Cewa na yi, "Gwaggo, lokacin da aka daina jin ɗuriyar Baffanku, wa aka haifa, wa ba a haifa ba?" Ta ɗan yi tunani ta ce, "Ai ɗana, ni ko zuwa duniya ban yi ba. Amma Baba yakan ce Inna na da tsohon cikin Yaya saƙonsa ya yanke." Takardun fanshon Yayan nan nata sun nuna farkon 1943 aka haife shi, don haka ƙarshen 1942 nake nema. Ta ƙara min da abu biyu: aikinsa kai wa fasinjoji abinci ne, kuma jirgin nasu babba ne, irin mai jigilar mutane da wasiƙu tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da Liverpool. Waɗannan 'yan maganganu sun fi duk wani shafin intanet amfani a gare ni, kuma da na yi jinkirin 'yan shekaru da ba mai gaya min su.

Wurin da kowa ke farawa shi ne shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila, wadda ake taƙaitawa CWGC. Tun 1917 aka kafa ta, tana riƙe da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, har da ma'aikatan jiragen kasuwanci da harin abokan gaba ya ritsa da su. Na rubuta sunansa yadda muke rubuta shi, babu komai. Na juya shi, na sauya baƙaƙe, na sa sunan mahaifinsa a gaba, sai sunaye birjik suka fito waɗanda kowanne zai iya zama shi, kowanne kuma zai iya zama wani. Dalilin a fili yake. Akawun da ke ɗaukar ma'aikata a bakin tasha abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, wani lokaci ya ɗauki laƙabi ya mai da shi sunan uba, wani lokaci ma'aikacin da kansa ya zaɓi suna mai sauƙi ga bakin Bature. Wanda ya kwafe daga wannan takarda zuwa wata shi ma ya ƙara nasa kuskuren.

A nan na sauya hanya, kuma wannan ne abin da nake gaya wa duk mai irin wannan nema: a bar mutumin tukuna, a nemi jirgin. Talaka yana iya ɓacewa a takarda, amma jirgi dukiya ne. Yana da rajista, yana da inshora, yana da masu shi da ke lissafin asara, ga rundunar sojan ruwa da ke son sanin inda aka harbe shi da yadda aka yi. Duk waɗannan sun bar rubutu. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya fiye da 30,000 ne suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, laluben mutum ɗaya a cikinsu da sunan da ba a tabbatar da rubutunsa ba wahala ce zalla. Amma manyan jiragen fasinja na hanyar Afirka ta Yamma da suka nutse a ƙarshen 1942 ba su da yawa.

Kamfanin da ya fi riƙe wannan hanya shi ne Elder Dempster na Liverpool. Da na bi jerin jiragensa da yaƙi ya ci, Accra ya nutse tun Yulin 1940, Apapa a Nuwamban wannan shekarar, duk sun yi wuri. Wanda ya dace da lissafin Gwaggo shi ne Abosso, jirgin da aka ƙera a 1935, aka mai da shi na jigilar soja da yaƙi ya kankama. Ya tashi daga Cape Town a watan Oktoban 1942 zai tafi Liverpool, shi kaɗai ba rakiya. Ranar 29 ga wata da dare, a arewa da tsibiran Azores cikin tekun Atlantika, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, U-575, ya harbe shi. Mutum 393 ne a ciki, 362 suka mutu. Su 31 da suka tsira duk a kwale-kwalen ceto guda suke, jirgin sojan ruwan Birtaniya mai suna Bideford ya tsince su bayan kwana biyu, yana kan rakiyar wani ayarin jirage.

Akwai tarko a sunan jirgi ma. Kamfanin ya taɓa mallakar wani Abosso da aka nutsar a 1917, a yaƙin farko, kuma shafuka da dama suna cakuɗa hotunan jiragen biyu. Abin da ke raba gardama shi ne lambar rajistar jirgi. Kowane jirgin Birtaniya yana da tasa, ba ta sauyawa ko an sauya masa suna, kuma da ita aka jera takardun ma'aikata a ma'ajiya. Wanda bai samo wannan lamba ba zai sha yawo.

Da sunan jirgi a hannu na koma shafin CWGC, na nemo duk wanda aka rubuta ya mutu a cikin Abosso a wannan rana. Yawancin ma'aikatan jirgin suna jikin allunan tagulla na Tower Hill a Landan, inda aka zana sunayen ma'aikatan jiragen kasuwanci kusan 24,000 na yaƙin na biyu waɗanda ba su da kabari sai teku. Jirgi-jirgi aka jera su, kyaftin a sama, sauran a ƙarƙashinsa bisa jerin baƙaƙe. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da baki, ba da ido kawai ba, domin sunan da akawu ya lauya sai an furta shi yake komawa kamanninsa. Ɗaya ya tsaya min a kunne, mai hidimar fasinja, shekarunsa sun yi kusa. Sai dai akwai wani mai suna kusan iri ɗaya a wani jirgin kaya da ya nutse a shekarar, har wani ya riga ya liƙa shi a bishiyar danginsa a intanet ba tare da hujja ko ɗaya ba, wasu kuma suka yi ta kwafa. Irin waɗannan bishiyoyi ina ɗaukarsu ne a matsayin jita-jita, a saurara amma kar a gina komai a kai. Na ajiye mutanen biyu gefe da gefe har takarda ta yi magana.

Takardar tana ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan. Rukunin da ake kira BT 381 shi ke ɗauke da yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da jerin sunayensu na jiragen shekarun yaƙi, daga 1939 zuwa 1946. Mutum zai ce ai takardun sun nutse da jirgin, amma doka ta sa ana barin kwafi a tudu, kuma bayan asara masu jirgi suna miƙa jerin waɗanda suka mutu. Ba a sa wannan rukuni a intanet shafi-shafi ba, sai dai a je, ko a biya ma'ajiyar ta duba ta kwafo, ko a ɗauki mai bincike da ke zaune a can. Ni mai bincike na ɗauka, na ba shi lambar jirgin da shekarar, na ce ya ɗauko min hoton kowane shafi, ba layin mutum ɗaya ba.

Wannan takarda tana da kyau ƙwarai ga mai neman dangi. Kowane ma'aikaci yana da layinsa: suna, shekaru, wurin haihuwa, adireshi da sunan makusancin da za a sanar, jirgin da ya yi aiki a baya, aikin da aka ɗauke shi, albashi, sai sa hannunsa ko alamarsa. Sunan mutumina a lauye yake kamar yadda na zata. Wurin haihuwa kuwa ba a wahalar da alƙalami ba, sunan tashar da aka ɗauke shi kawai aka dangwala. Amma a gurbin makusanci an rubuta sunan kakana, shi ma a karkace, da kalmar da ke nuna ɗan'uwa ne. Suna ɗaya yana iya zama dace, amma sunan ƙane da na wa a layi guda, ga aiki ya dace, ga shekara ta dace, wannan ya wuce dace. Mutumin jirgin kayan kuwa da aka duba nasa, matarsa ya rubuta a wani gari da ba mu da kowa.

Akwai sauran rukunoni, na leƙa su ba tare da dogon buri ba. BT 382 yana da fom ɗin tarihin aikin ma'aikaci, BT 372 yana da 'yan ambulan da akan samu hoto a ciki, amma ba kowa aka buɗe wa ba, musamman waɗanda aka ɗauka a tashoshin wajen Birtaniya. Nasa babu. BT 389, katunan zirga-zirgar jirage, ana sauke shi daga intanet, shi ya nuna min tashoshin da Abosso ya taɓa a shekararsa ta ƙarshe.

Yadda daren ya kasance kuwa daga bakin ɓangarori biyu na same shi. Rundunar sojan ruwan Birtaniya takan yi hira da waɗanda suka tsira ta rubuta rahoto, ana samun irin waɗannan a rukunin ADM 199. Jiragen Jamus su ma kowanne yana da littafin yaƙinsa, inda kwamanda ke rubuta lokacin da ya hango jirgi da lokacin da ya harba. Sai a kula, agogon Jamus suke bi ko ina suke a teku, shi ya sa sa'o'in ɓangarorin biyu sukan saɓa, a wasu jiragen har ranar nutsewa kan bambanta da kwana ɗaya. Ba ƙarya wani ya yi ba. Duka bayanan sun nuna an sauke kwale-kwale fiye da ɗaya cikin duhu da teku mai tsauri, ɗaya kawai aka sake gani. Wane ne ya shiga wanne, wane ne bai fito daga cikin jirgin ba, rahoto ba ya bin ma'aikacin ɗakin abinci da suna. Da na rubuta wa dangi sakamakon, inda takarda ta tsaya nan na tsaya. Na ga masu irin wannan bincike suna cike gurbi da jarumtar da suka ƙaga, bayan shekara goma jikoki su ɗauke ta a matsayin tarihi.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci min rai cikin karatun nan. Har zuwa watan Mayun 1941, ma'aikacin jirgin kasuwanci albashinsa yana yankewa ne daga ranar da jirginsa ya nutse, kwanakin da ya yi yana shawagi a kwale-kwale ba a lissafa su a aiki. Ga kuma takunkumin labarai na lokacin yaƙi, ba a shelar asarar jirage, iyalin da adireshinsu bai fita sosai ba sai su yi ta jira. Ba abin mamaki ba ne jita-jita ta cike gurbin. Kuma mu mun yi sa'a da aka zana sunan namu. A 2021 hukumar CWGC da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar da suka mutu a yaƙin farko, ba a tuna da su da suna ba. Don haka rashin ganin suna a allo ba hujja ba ce cewa mutum bai mutu a bakin aiki ba. Haka kuma ba Tower Hill kaɗai ake dubawa ba: sunayen ma'aikatan jirage 'yan Indiya suna Mumbai da Chittagong, na Kanada suna Halifax, waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin rundunar sojan ruwa kuma suna Liverpool.

Gurbin nan na cikin yarjejeniya inda ake rubuta jirgin da mutum ya yi aiki a baya shi nake bi yanzu. Kowace yarjejeniya tana faɗin jirgin da mutum ya baro, sai a nemo takardar wancan, ita ma ta faɗi na bayanta, a haka ake komawa har tafiyarsa ta farko. Takardun kafin 1939 yawancinsu ba sa Ingila ma, suna Jami'ar Memorial da ke Newfoundland a Kanada, ban da na shekarun da ke ƙarewa da 5, waɗanda ke gidan tarihin harkokin teku na Greenwich, da wani ɗan kaso da aka bari a Kew. Takardar da ke hannuna ta kai ni 1938, don haka Kanada na aika wasiƙa ta gaba.