Ga ruwa, ga ƙishirwa: kwana 17 a Tekun Atlantika

Ranar da muka ɗaga anga daga Mindelo, a tsibiran Kabo Verde, hazo ya rufe gari har ba a hangen duwatsun Santo Antao da ke tsallake. Na shafa ƙarfen gefen jirgi, yatsana ya fito da jar ƙura. Na san wannan ƙura. Ita ce take shiga mana ido a Damagaram lokacin hunturu, tana tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a arewacin Chadi, iska ta ɗebe ta har tsakiyar teku. Wata har Amazon take kaiwa. Ashe ƙasar gida ta riga ni kama wannan hanya.

Gyaran injin dizal nake yi a Dakar, kuma ta nan na san mai jirgin, wani dattijo Bafaranshe da injinsa ya ƙi tashi. Da na gyara, ya ce yana neman hannu na huɗu zuwa Salbado ta jihar Bahiya a Burazil. Mu huɗu ke nan: kyaftin, matarsa da muke ce wa Madam, wani saurayi ɗan Burazil, da ni. Tsawon jirgin mita 13, iska ke tura shi ta manyan ƙyallaye biyu da aka ɗaura wa dogon turke a tsakiya. Injin na shiga tasha ne da cajin batir kawai, don man da muke ɗauke da shi ba zai kai mu ko rubu'in hanya ba. Tafiyar kusan mil 2,000 ce na teku, kowane mil mita 1,852. In iska ta yi kyau muna cin mil 130 zuwa 150 a kwana ɗaya. Mai keke ma zai wuce mu, sai dai mu ba ma tsayawa, dare da rana.

Kwana ukun farko ban mori komai ba. Jiri, amai, kasala. Madam ta ce, "Kada ka sauka ciki, zauna a waje ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa." Na yi ta tauna citta da busasshen biskit. Rana ta huɗu na farka da yunwa, na ci kilishin da na taho da shi, daga nan cikina ya zauna.

Rayuwar jirgi gadi ce. Awa uku kana waje, sauran kana barci ko aiki. Nawa gadin daga ƙarfe uku na dare zuwa shida. Kafin ka fito sai ka sa rigar ceto, ka maƙale ɗamararka a igiyar da ke shimfiɗe a bene. Kyaftin ya faɗa mini sau ɗaya, bai sake ba: wanda ya faɗa ruwa da dare, da wuya a gan shi. Ba mai zuwa goshin jirgi cikin duhu sai ya tada wani. Kowane minti goma sha biyar ka miƙe ka duba ko'ina, domin babban jirgin kaya na iya fitowa daga inda ido ya ƙare ya iso kanka kafin minti ashirin. Mun ga uku kacal a duk tafiyar, amma ba a fasa dubawa.

A wannan gadi na koyi sama. Kaza da 'ya'yanta na nan yadda na san su tun ina yaro a kan tabarma a tsakar gida. Kyaftin ya nuna mini tauraron arewa, ya ce tsayinsa daga bakin ruwa shi ne nisanmu daga layin da ya raba duniya biyu. A Mindelo yana kan digiri 17. Kullum yana sauka kaɗan kaɗan, har wani dare ya nutse cikin hazo ban ƙara ganinsa ba. A bayan jirgi kuma ruwa na walƙiya kore kamar an watsa garwashi, wasu ƙananan halittu ne masu haske in an motsa su. Da asuba ina tsintar kifaye masu fiffike da suka faɗo bene cikin dare, wani lokaci biyar, wani lokaci goma, mu soya su da albasa.

Kafin na bar Dakar na je wurin wani malami na tambaye shi hukuncin salla a teku. Ya karanta mini hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ya ce, "Ɗana, yi ƙasaru, ka fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in tsayuwa ta gagara ka zauna." Da guga nake ɗebo ruwan gishiri in yi alwala. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, mu kuma kudu muka nufa, saboda haka tana hagu da baya. Lokutan salla da rana nake gane su, don agogo ya daina dacewa da inuwa yayin da muke matsawa yamma. Sau da yawa a zaune na yi, ƙafa a tokare da benci.

Abinci kuwa lissafi ne. Tumatir ya fara lalacewa, ayaba ta nuna gaba ɗaya rana guda, kabeji da albasa da dankali suka kai mu ƙarshe. Ƙwai ana juya shi duk bayan kwana biyu don ya daɗe. Murhun gas ɗin yana lilo a kan ƙarfe biyu, jirgi ya karkata tukunya ta tsaya daidai, amma mai dahuwa sai ya ɗaure ƙugunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru rana ta shida. Na ɗaga katakon ƙasa don duba inji kamar kullum, sai na ga ruwa yana kai da komo a gindin jirgi. Na kira kyaftin. Bai ce komai ba, ya durƙusa, ya tsoma yatsa ya kai baki. In da gishiri, jirgi ne ya huje. In babu, tankinmu ne. Ya ɗago ya ce, "Mai daɗi ne." Wani maɗaurin tiyo ya kwance a bayan famfon lantarki, famfon kuma ya yi ta aiki cikin dare yana zuba ruwan shanmu a ƙasa, ƙarar raƙuman ruwa ta hana kowa ji. Ni na bar shi a kunne bayan na wanke kwanuka, alhali an gaya mini a kashe shi a riƙa amfani da na ƙafa. Daga lita 400 da muka cika, abin da ya saura bai kai 120 ba, sai jarkoki huɗu masu lita 20 da ke ɗaure a bene. Ruwan da ya zube ya gauraya da mai, ba ya shawuwa.

Na faɗi laifina a gaban kowa. Kyaftin ya ɗauko littafin jirgi ya yi lissafi: lita biyu ga kowane mutum a rana don sha, lita biyu don girkin kowa da kowa. Wanka da wanki da wanke-wanke duk da ruwan teku. Shinkafa ana dafa ta da ɗan ruwan gishiri cikin ruwan daɗi, ba a ƙara gishiri. Kowa ya sami gorarsa da alama. Na taso inda mata ke tafiyar kilomita don tulu ɗaya, na ɗauka na san darajar ruwa. Amma ban taɓa zama ruwa na kewaye da ni ta kowace fuska, zurfinsa ya haura mita 4,000, ina ƙirga kurɓa ba. Gishiri ya bushe a fata, ƙuraje suka fito mini a gwiwar hannu da inda nake zama, riga ta yi tauri kamar an sa mata sitaci.

Kwana biyu bayan haka iskar arewa maso gabas da ta rako mu ta mutu. Mun shiga yankin da iskar arewa da ta kudu ke karo, wanda Faransawa ke kira pot au noir. Ƙyallaye suka saki suna faɗawa hagu da dama, teku ta kwanta kamar man gyaɗa, zafi ya hana shiga ciki. Wata rana mil 40 kawai muka ci. A nan ne hali ke fita. Magana kaɗan sai ta zama faɗa, har kan wanda ya bar cokali a kwano. Na lura Madam in ranta ya ɓaci sai ta koma goshin jirgi ta zauna ita kaɗai, ba mai bin ta. Mita 13 ba ta da wurin ɓuya, sai dai mutane su ba juna fili da shiru. Ni ma na ɗauki wannan.

Sai hadari. A can ba ya ba da dogon notis irin na damina a gida. Baƙin girgije ne da ƙafarsa a ruwa, ka ji iska mai sanyi a wuya, cikin minti biyar ta ninka uku. Dole a rage ƙyalle tun kafin ta iso. Kyaftin kan ce lokacin ragewa shi ne lokacin da tunanin ya fara zo maka. Muka rage, ruwa ya kece. Ban manta yadda muka tsaya muna kallo ba, ba mu tara ba tukuna, don dole a bar ruwan farko ya wanke gishiri. Ya gangaro daga ƙyallen ja wur, ƙurar hunturun da muka kwaso tun Mindelo. Da ya washe, saurayin ya ɗanɗana ya ɗaga hannu, muka rataye bokiti a ƙarshen sandar ƙasan ƙyalle. Hadari uku cikin kwana biyu suka ba mu kusan lita 90. Na tsaya cikin ruwan da sabulu a hannu ina hamdala da ƙarfi.

Bayan mun ƙetare layin tsakiyar duniya iskar kudu maso gabas ta kama mu, muka bar tsibirin Fernando de Noronha can dama ba mu gan shi ba, sauran tafiyar ta zo da sauƙi.

A gadin dare na kwanakin ƙarshe saurayin nan ya ba ni labarin garinsu. Ya ce a Bahiya an san sunan Hausawa. Bayan jihadin 1804 an kai kamammun yaƙi da yawa bakin teku aka sayar, aka ƙetara da su Salbado. A watan Mayun 1807 bayi Hausawa suka shirya tawaye a birnin, da niyyar ƙwace jirage a tasha su koma gida, amma asiri ya tonu kafin ranar. A Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi bayi da 'yantattu suka sake tashi, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a ciki. An sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Sai 1888 Burazil ta soke bauta.

Na kasa barci bayan gadin. Ni da lita biyu, da iska a fuskata, da sanin inda za ni, na ji jiki haka. Su a ƙarƙashin bene suke, a ɗaure, makonni, cikin wannan zafi da wannan tsayuwar iska, kuma wasu da harshena suke roƙon ruwa.

Daren kwana na 17 na hango wutar hasumiyar Barra tana ƙiftawa a bakin mashigin. Ƙanshin ƙasa ya riga ta isowa, jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace. Na ɗebo guga na yi alwala, na yi asuba a zaune, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya ga waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa ba da son ransu ba. Sannan kyaftin ya ce in tada inji. A tankinmu saura lita 30.