Harafi ɗaya a sunan alminiyam

Aikina gyaran rubutun Turanci ne, kuma lokacin da aka kawo mini kundin wani ɗalibin kimiyya a kan narkar da tsofaffin gwangwanaye don ƙera tukwane, na tarar ya rubuta sunan ƙarfen iri biyu, wani wuri “aluminium”, wani wuri “aluminum”. Kafin in taɓa ko ɗaya sai na bi asalin kalmar.

Tushenta “alumen” ne, sunan alam a Latin, wato alam ɗin nan da ake tace ruwa da shi. Masanin Ingila Humphry Davy ya fara raɗa wa ƙarfen “alumium” a 1808, tun kafin a iya ware shi daga ma'adininsa, sannan a 1812 ya koma “aluminum”. Wasu masanan ƙasarsa suka fi son “aluminium”, domin ya yi daidai da “sodium” da “potassium”, waɗanda shi Davy ɗin ne ya sa musu suna. A ganina hujjar ba ta da ƙarfi sosai, tun da “platinum” na nan ba wanda ya ƙara masa harafi, amma ita ta yi rinjaye a Birtaniya. A Amurka kuwa ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya ɗauki “aluminum”, ƙungiyar masana sinadarai ta ƙasar ta tabbatar da shi a 1925. Hukumar IUPAC, mai daidaita sunayen sinadarai a duniya, ta zaɓi “aluminium” a 1990, bayan shekara 3 ta amince da ɗayan ma.

Ma'anarsu ɗaya, sai dai furucin ya bambanta, domin na Birtaniya ya fi na Amurka da gaɓa guda. Da yake makarantunmu tsarin Birtaniya suke bi, na mayar da kundin kan “aluminium”, na kuma sauya harshen na'urar duba rubutu a kwamfutar ɗalibin, wadda take kan Turancin Amurka tana ja masa jan layi a ƙarƙashin abin da yake daidai.

Aikin ya koya mini kada in umarci kwamfuta ta sauya kalma ko'ina a lokaci guda. Maganar da aka ciro daga marubucin Amurka, da taken maƙalarsa, da suna irin Aluminum Company of America, duk ana barinsu yadda masu su suka rubuta, don haka sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya.