Tattakin Bayan Asuba a Kano

Likitan da ya auna ni a ƙarshen daminar bara bai tsawaita magana ba. Ya ce jinina ya fara hawa, nauyina ya wuce kima, kuma kafin a kai ga maganar shan magani yana so in riƙa tafiya a ƙasa kullum. Na amsa da to, na sayi takalmin kambas a Kasuwar Sabon Gari, na fita kwana huɗu a jere, a rana ta biyar kuwa da aka idar da sallar Asuba sai na koma gida na ja bargo.

Akwai lalaci a ciki, ban musanta ba, amma akwai abin da ya fi shi nauyi. A garin nan, magidancin da aka san yana da mota idan aka gan shi yana tafe a ƙasa shi kaɗai, to an ga abin tambaya. Kafin in kai bakin titi maƙwabci ya tsaya, ya sauke gilashi ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Motar ce ta ba da matsala? Shigo in rage maka hanya." Masu adaidaita sahu kuwa kowanne sai ya danna mini oda. Mutum yakan gaji da yi wa jama'a bayanin cewa da gangan yake tafiya.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, shi ya raba ni da wannan matsalar. Ya ce mini, "Gobe idan an sallame kada ka wuce, ka tsaya mu tafi tare." Ashe su kusan goma ne suke haɗuwa, akwai waɗanda suka yi ritaya, akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari, akwai wani matashi ma'aikacin banki. Babu kuɗin rajista, babu shugaba, sharaɗin kawai shi ne ba a jiran kowa fiye da minti biyar. Mukan nufi Filin Sukuwa mu kewaya mu dawo, ran Asabar kuma idan an ji ƙarfi a hau Dutsen Dala, inda matakalar take nuna wa kowa iyakar numfashinsa. Tun daga ranar farko na lura cewa babu wanda ya tsaya zai rage mana hanya, domin mutum goma da kambas kowa ya san motsa jiki suka fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato ko rabin awa ne sau biyar a mako ya kai ƙaramin mizanin. Ma'aunin matsakaicin kuwa mai sauƙi ne: ya zama kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. A cikin ayari ba a buƙatar na'ura don gane wannan, saboda da zarar muhawarar siyasa ta fara yankewa ana haki, mun san saurin ya yi daidai. Matashin namu dai ya nace sai agogonsa ya nuna taku 10,000, ko da yake wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarar 1965, kuma dattawanmu da ba su taɓa ƙirgawa ba su ne suka fi shi zuwa a kan kari.

Yanayin Kano shi ke tsara mana lokaci. Da hunturu, idan hazo ya yi yawa, masu asma sukan sa takunkumi ko su jira rana ta ɗaga. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda bai gama kafin bakwai da rabi ba, to ya makara. Da azumi mukan mayar da fitar bayan tarawihi, mu kuma rage nisa. Masu ciwon sukari a cikinmu ba sa fita sai da dabino a aljihu, ko da sukarin zai faɗi a hanya. Yawancin titunanmu ba su da wurin masu tafiya a ƙasa, don haka mukan bi gefen da muke fuskantar motoci, kuma yawanmu yana rage fargabar masu ƙwacen waya, wadda ita ce ta sa matan unguwarmu suka zaɓi yin nasu tattakin a harabar wata makaranta mai katanga. Babbar jarrabawar dai tana bakin hanyar dawowa, wurin mai koko da ƙosai, inda wasunmu ke mayar da duk abin da suka zubar.

A watan jiya na yi fashin kwana biyu ba tare da wani uzuri ba. Da hantsin rana ta biyun malamin ya kira ni, ya ce, "Ba mu gan ka ba, ko jikin ne? In haka ne mu zo dubiya." Na rasa amsar da zan ba dattijon da ya girme ni da shekara ashirin, washegari kuwa na riga kowa tsayawa a ƙofar masallaci.