Ƙarar tana linkej, ni kuma na kashe shok da filaya

Har yanzu tsohon shok ɗin, wato shakazoba, yana but ɗin motata, a naɗe cikin buhun shinkafa. Maiɗakina ta ce in jefar ko in ba 'yan gwangwan, na ƙi. Duk sanda na ɗaga sandarsa a rana sai in ga zane guda uku, sirara kamar an ja da farce. Haƙoran filaya ne, kuma hannuna ne ya riƙe filayar.

Motar Corolla ce ta 2010. A Kaduna kowa ƙoƙarinsa ya ɗaga mota saboda ramuka, ni kuwa sai na ɗauko shakazoba irin wanda ake saitawa, na BC Racing ƙirar Taiwan, mai sifirin a jikinsa da zobba na ƙara tsawo ko ragewa, da ɗan kai a sama na saita tauri ko laushi, da ake murɗawa mataki 30, kowane mataki ya yi ƙas. Na sauke motar kaɗan. Abokai sun yi dariyarsu sun gaji. Ɗaurin bai ba da wahala ba, an yi alaimen, motar ta zauna daram a kwana. Kwana goma ina jin kaina.

Sai ƙara ta fito daga gaba ta hannun dama. A kan kwalta mai santsi shiru, a babban rami ma ba sosai ba. Amma da na shiga layinmu mai tsakuwa, ina tafiya a hankali, sai ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar an saka cokali a gwangwani. Da yake shok ne sabon abu a motar, ban ma kalli wani wuri ba. Na bar jaki na kama dukan taiki.

Sati biyu na yi ina wasa da kan nan. Da farko ma ban iya ƙirgen ba, daga wajen laushi nake farawa, ashe daga wajen tauri ake farawa: ka murɗa dama har ya tsaya da kansa, kada ka matsa masa, sannan ka dawo baya kana ƙirga ƙas ɗin, hagu da dama su zama daidai. Abin da yake ciki wata 'yar allura ce mai rage ko ƙara hanyar da mai yake bi. In ka tsuke hanyar shok ya yi tauri, in ka buɗe ya yi laushi. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta ɗaure noti, ba ta gyara abin da ya ci. Na kai shi tauri har haƙorana suna haɗuwa a tudun rage gudu, ƙarar ta ɗan sauya murya. Na mayar da shi laushi motar tana lilo kamar kwalekwale, ƙarar tana nan. Da mai hankali ne, nan zai gane cewa matsalar ba a cikin shok take ba.

Na duba zobban, a ɗaure suke. Na duba sifirin, ba ya motsi a mazauninsa, matsin da aka ba shi na wajen milimita 4 yana nan. Na ɗaga gefen dama da jak na girgiza komai da hannu, babu abin da ya yi ko gezau. Sai zuciyata ta ce ai notin sama ne ya saki.

Ranar Asabar ce bayan la'asar. Na sa sifana a notin, sai sandar shok ɗin ta riƙa juyawa tare da shi. A can saman sandar akwai wurin da aka tanada don a riƙe ta, amma ba ni da makullin da ya dace, kuma magariba na gabatowa. Na ɗaga robar ƙura, na zura filaya ta tsakanin sifirin, na damƙe sandar nan mai sheƙi, na ja. Ko tsumma ban naɗa mata ba, duk da cewa tsumman ma ba lallai ya cece ta ba. Notin bai motsa ko kaɗan ba, domin dama a ɗaure yake. Filayar ce ta zame.

Ƙarar ba ta tafi ba, sai na haƙura na kai wa wani dattijon makanike da mahaifina ya daɗe yana kai wa mota. Bai taɓa shok ba. Ya ce in tuƙa, ya zauna a gefe, muka bi wani lungu mai gargada. Da muka dawo ya sa yaronsa ya kwance linkej duka biyu, wato 'yan sandunan da ke haɗa shok da sitabilaiza, ƙarfen nan mai rage wa mota karkata a kwana, aka ɗaure ƙarfen da waya don kada ya taɓa wani abu, ya ce mu sake bin lungun a hankali. Tsit. Ko ƙwal ɗaya babu.

Tsohon linkej ne da na mayar lokacin ɗauri don in rage kashe kuɗi. A Corolla irin wannan, a jikin shok ɗin gaba yake ɗaure, to da tsawon mota ya sauya sai kwanciyarsa ta sauya, ƙwallon kansa da dama ya fara ci ya samu wurin rawa. Na ce, "Baba, ai na girgiza shi da hannuna, bai motsa ba." Ya ce, "Taya nawa ka ɗaga?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To ɗana, ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya a ƙasa, ƙarfen ya murɗe ya ja linkej ya ɗame shi, ta ina zai motsa? Ko ka ɗaga duka biyun, ko ka shiga rami mota na tsaye da ƙafafunta."

Ina cikin murna yaron ya haska fitilar waya ya ce, "Oga, wannan shok ɗin yana zubar da mai." Baba ya ɗaga robar, ya shafa sandar da babban yatsa, ya kalle ni. Bai tambayi wane ne ba. Cewa kawai ya yi ɗan danshi da ƙura ke mannewa a kai ba komai ba ne, amma mai da ya gangaro har ƙasa, sil, robar da ke tare mai a bakin shok, ya tafi. Duk hawa da saukar da sandar take yi, zanen nan yana yankar sil ɗin kamar reza, ga ƙurar hunturu tana bin hanyar tana shiga. Irin wannan shok ɗin kuma da iskar naitirojin a matse a cikinsa, ba abin da za a huda a ɗura masa mai a bakin titi ba ne.

Linkej biyu a kasuwar Panteka ba su kai kuɗin cika tanki ba. Shok ɗin kuwa sai da na yi odar sabuwar gangar ciki daga waje, na biya da dala, na jira sati shida ina hawa Keke Napep. Baba ya so in canza duka na gaban don su yi aiki iri ɗaya, sai da ya ga na hagun bai yi wata biyu a mota ba ya ƙyale ni.

Yanzu motar tana kan ƙas 18 daga tauri a gaba, 20 a baya, kuma na rubuta a bangon littafin mota don kada in sake ruɗewa. In zan sauya, ƙas biyu nake matsawa, in bi hanya ɗaya da na sani, daga Kawo zuwa gida, kafin in sake taɓawa. Duk ƙarshen wata ina wanke zaren zobban da buroshi saboda ƙura tana sa su cije. Makullin riƙe sandar ma na saya, ɗan ƙaramin abu ne da bai kai tsawon yatsa ba. Da na ji kuɗinsa sai da na zauna a kan bencin mai shagon.