Kwalin bango mai harufa uku

Shagona na ɗab'i yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Da katin biki da littafin rasit na fara, kamar kowa, amma yau abin da ke riƙe da shagon shi ne kwalayen da ake mannawa a bangon aji, masu ɗauke da gajerun kalmomin Turanci da ma'anarsu da Hausa. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da makarantu ke shirin komawa, ko sallar la'asar sai mun yi karɓa-karɓa ni da yarana biyu.

Wata shugabar makarantar nazire ce ta jawo ni cikin wannan aiki. Ta zo da kwalin da ta saya a kasuwa, ta shimfiɗa a teburina ta ce, “Malam, dubi nan. Yaro bai san kalmar ba, bai san abin da ke hoton ba. Da wanne zai fara?” Na duba, gaskiyarta. Sai muka zauna muka jera kalmomin gida-gida, waɗanda suka haɗa harufan ƙarshe a layi ɗaya: cat kyanwa, rat ɓera, mat tabarma, hat malafa, bat jemage. Harafin farko kaɗai ke canzawa. Yaron da ya kama biyu, sauran ukun da kansa zai karanto su, kuma duk abubuwa ne da ya kwana ya tashi da su a gidansu.

Mai kallo daga waje zai ɗauka aikin bai wuce a buga a yanka ba. Wahalar tana wurin zaɓen kalma. Ɗauki harafin c. A bokon Hausa shi ne na ciki da cokali, don haka yaron da ya fara da Hausa in ya ga can, zai karanta ta kamar “can” ɗinmu na nuna nesa. A Turanci kuwa da sautin k ake faɗinta, kuma ma'anarta biyu, gwangwani da iyawa. Shi ya sa nake buga c da jan tawada a cat da can da cup, malami ya tuna ya tsaya a kansa.

Babban ciwon kai shi ne p da f. Harufan bokon Hausa ba su da p, kuma mu Katsinawa f ɗin ma sau da yawa hw muke mai da shi, mu ce hwara maimakon fara. To ga fan fanka, ga pan kasko. Ga pin, wanda muka ara muka ce fil, ga fin, wato fiffiken kifi. Wannan ya taɓa ci mini kuɗi. Wata rana na fita sayen takarda, na bar wa yarona aikin wata makaranta. Ya rubuta yadda bakinsa ke faɗi, ya sa pan ƙarƙashin hoton fanka, ya buga kwali 200 har ya sa musu leda. Da na nuna masa sai ya ce, “Maigida, ai ni duk ɗaya nake jin su.” Ban yi masa faɗa ba, don na san haka kunnensa ya ji. Na sa ya riƙe takarda a gaban leɓensa ya faɗi pan, iska ta fito ta kaɗa takardar, leɓuna a haɗe. Ya faɗi fan, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Muka sake aikin daga aljihuna. Tun ranar, ba abin da ke shiga inji sai mutum biyu sun karanta shi da ƙarfi.

Kwalin da na fi so shi ne wanda harafin tsakiya ke canzawa: hat, hit, hot, hut, wato malafa, bugu, zafi, bukka. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗi. Turanci ma harufan wasalinsa biyar ne, amma sautukan da suke ɗauka sun ninka haka, har u na hut ya fi kusa da a ɗinmu. Ga kuma kalmomin Turanci sun, wato rana, da son, wato ɗa, rubutu daban, furuci ɗaya. Waɗannan biyun ba na yarda in buga su babu hoto.

Kalma mai ma'ana biyu kuwa, wadda yaro zai fara cin karo da ita nake sawa a sama. A wurin yaro, pen alƙalami ne kafin ya zama shingen dabbobi. Wani malami ya nemi in haɗa duka ma'anonin, na ce masa wannan sai aji uku.

Ribar ba ta da yawa, takarda da tawada da man janareta ke cinye rabi. Amma makon jiya wata mata ta shigo da 'yarta karɓar katin suna, yarinyar ta tsaya gaban kwalin da ke rataye a ƙofa, ta ɗora yatsa tana bi: ten, hen, pen. Da ta kai ta ƙarshen sai ta haɗa leɓunanta sosai kafin ta sake su.